Darasi: Tsara Gajeren Hutu a Tsibiran Maldibi

MANUFOFIN DARASI

Idan kuka kammala wannan darasi, ana sa ran za ku iya:
1. bayyana yadda tsibiran Maldibi suke shimfiɗe a teku, da dalilin da ya sa zirga-zirga a tsakaninsu ke cin lokaci;
2. bambanta tsibirin jama'a da tsibirin otal;
3. lissafa sa'o'in hutu na gaskiya da kuɗin masauki bayan an ɗora haraji;
4. kawo hujja a kan yawan tsibiran da ya dace mai ɗan gajeren hutu ya ziyarta.

1. ƘASAR DA RUWA YA FI TUDU YAWA

Maldibi ƙasa ce a Tekun Indiya, kudu maso yamma da Indiya da Siri Lanka. Tana da tsibirai kusan 1,200 da suka miƙe daga arewa zuwa kudu tsawon fiye da kilomita 800, amma in an tattara tudun ƙasar gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 300 ba. Tsibiran da ke da garuruwa ba su kai 200 ba. Babban birnin shi ne Male, filin jirgin saman Velana kuma yana tsibirin Hulhule da ke kusa da shi, kuma tun 2018 akwai gada da ta haɗa su. Mutanen ƙasar Musulmi ne. Tarihinsu ya nuna sarkinsu ya karɓi Musulunci a 1153, sun kuma sami 'yancin kai daga Birtaniya a 1965.

Tsohuwar alaƙa ta haɗa waɗannan tsibirai da ƙasar Hausa, ko da yake mutane kaɗan suka san da ita. Kuɗin wuri da kakanninmu suka yi ciniki da shi kafin zuwan sulalla, da yawa daga cikinsa daga ruwan Maldibi aka tsamo shi. Matafiyi Ibn Battuta, wanda ya yi alƙalanci a Male a shekarun 1340, ya bayyana yadda ake tara wuri a can, ya kuma ce ya ga ana kashe shi a Mali da Gao. Daga baya jiragen Turawa suka riƙa jigilarsa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, fatake suka shigo da shi arewa. Lokacin da Heinrich Barth ya isa Kano a 1851, da wuri ya tarar ana saye da sayarwa a kasuwa.

Abin da ya fi muhimmanci ga mai shirin tafiya shi ne tsarin tsibiran. Wasu ƙananan halittun ruwa ne suke gina murjani a hankali, shekaru dubbai, har ya zama katanga mai siffar zobe a cikin teku. A kan wannan katanga rairayi yake taruwa ya zama tsibiri. Maldibi tana da irin waɗannan zobba 26. Cikin zobe ruwan yana da kwanciya, tsibiran kuma suna kusa da juna. Tsakanin zobe da zobe kuwa teku ne mai zurfi, mai igiya, kuma tafiyar tana da nisa.

AKWATIN KALMOMI
Tsibiri: tudun ƙasa da ruwa ya kewaye ta ko'ina.
Murjani: dutse mai rassa da ƙananan halittun teku ke ginawa a ruwa mai ɗumi.
Zoben tsibirai: jerin tsibirai da ke zaune a kan katangar murjani mai siffar zobe, da ruwa mai kwanciya a tsakiya.

2. TSIBIRI IRI BIYU

Harkar baƙi masu yawon buɗe ido ta fara a Maldibi a 1972, da buɗe otal na farko mai suna Kurumba kusa da Male. Shekaru da yawa tsarin gwamnati shi ne a raba baƙi da 'yan ƙasa. Ana ba kamfani hayar tsibirin da babu kowa, ya gina otal guda a kai, baƙo ya sauka a can, ya ci a can, ya tashi daga can. A 2009 aka sauya doka, aka ba 'yan ƙasa damar buɗe ƙananan masaukai a garuruwansu. Tsibirin Maafushi, wanda ke kimanin kilomita 27 kudu da Male, shi ya fara suna a wannan sana'a, sannan irin su Gulhi, Guraidhoo, Thulusdhoo, Rasdhoo da Dhigurah suka biyo baya. Wannan sauyi ne ya buɗe wa mai matsakaicin ƙarfi ƙofar zuwa, kuma shi ya sa yawon tsibiri zuwa tsibiri ya yiwu.

A tsibirin jama'a akwai masallaci, makaranta, ƙaramin asibiti da shaguna. Ba a sayar da giya, kuma doka ta hana matafiyi shigo da ita ƙasar. Ana sa ran baƙo ya suturce jikinsa a cikin gari, an kuma keɓe wani yanki na bakin ruwa ga baƙin da ke son kayan ninƙaya irin na Turawa. Abinci na halal ne, yawancinsa kifi da kwakwa da shinkafa. Karin kumallon da aka fi sani, mas huni, dakakken kifin tuna ne da aka cuɗa da kwakwa da albasa da barkono, ana ci da wata siririyar gurasa da suke kira roshi. A watan azumi gidajen abinci na gari suna rufe da rana.

AKWATIN KALMOMI
Tsibirin jama'a: tsibirin da 'yan ƙasa ke zaune, mai ƙananan masaukan baƙi.
Tsibirin otal: tsibirin da otal guda ya mallaki hayarsa gaba ɗaya.
Jirgin fito: jirgin ruwan haya mai araha da ke bin hanya da lokaci tsayayyu.

3. JADAWALIN JIRGI SHI KE MULKIN TAFIYA

Ra'ayin wannan darasi shi ne, wanda hutunsa bai wuce mako guda ba ya zaɓi zoben tsibirai ɗaya, ya tsaya a tsibiri biyu, in ya yi yawa uku, kuma ya fara duba jadawalin jiragen ruwa kafin ya biya kuɗin ko da ɗaki guda. Hujjar farko tana cikin yadda aka shimfiɗa hanyoyin ruwa. Yawancin jiragen da baƙi ke hawa a tsakiyar ƙasar daga Male suke tashi, can kuma suke komawa. Tsibirai biyu na iya yin kama da maƙwabta a taswira, amma in zobensu daban ne, sau da yawa sai mutum ya koma Male, ya jira, sannan ya hau wani jirgin. Jirgin fito na wasu hanyoyin ba kullum yake tashi ba. Al'amarinsa kamar motar kasuwar ƙauye ne, wadda in ta wuce ka yau sai wata ranar kasuwa. Ranar Juma'a kuwa jiragen fito na gwamnati ba sa aiki, domin ita ce ranar hutun ƙasar.

Hujja ta biyu ita ce tsawon yini. Maldibi tana kan layin tsakiyar duniya, saboda haka rana da dare kusan daidai suke duk shekara, kuma wajen ƙarfe 6 na yamma rana take faɗuwa. Abin da ya kai mutum can, wato rairayi da ruwa mai haske da kallon kifaye, duk da hasken rana ake morarsa. Kowace sa'a da aka kashe ana ɗaure kaya ko ana jira a tashar jirgi, daga cikin sa'o'i 12 na yinin aka cire ta. Ga kuma nisan zuwa. Babu jirgin sama da ke tashi kai tsaye daga Najeriya ko Nijar zuwa Male, sai an sauya a birane irin su Doha, Dubai ko Santambul, agogon Maldibi kuma yana gaban namu da sa'a 4. Yini guda yana tafiya wajen zuwa, wani yinin wajen dawowa.

MISALI NA ƊAYA: LISSAFIN SA'O'I

A ƙaddara wani ɗan kasuwa da maiɗakinsa suna da kwana 7, daga Litinin zuwa Lahadi. Litinin ta tafi a jirgin sama. Talata sun sauka, sun gama da jami'an shige da fice, sun isa tsibirin farko da yamma. Lahadi ranar komawa gida ce. Saura Laraba, Alhamis, Juma'a da Asabar.

Sa'o'in rana: 4 × 12 = 48.

Tsari na farko: tsibiri uku a zobe uku daban-daban. A ce kowane sauyi ta hanyar Male yana cin sa'a 8, daga ɗaure kaya zuwa shiga sabon ɗaki, komawa Male ranar Asabar kuma sa'a 4. Jimilla 8 + 8 + 4 = 20. Abin da ya rage: 48 − 20 = 28.

Tsari na biyu: Maafushi da Gulhi, waɗanda ke zobe ɗaya kuma kan hanyar jirgi ɗaya. A ce sauyin ya ci sa'a 2, komawa Male sa'a 3. Jimilla 5. Abin da ya rage: 48 − 5 = 43.

Bambancin sa'a 15 ne, fiye da yini guda cur. Ku lura kuma cewa a tsarin farko tilas sauye-sauyen biyu su faɗo Laraba da Alhamis a jere, tunda babu fito ranar Juma'a. Ma'auratan za su kwana ɗaya tak a tsibiri na biyu, su iso da yamma, su tashi da safe.

4. AMSA GA MASU WANI RA'AYI

Wani zai ce, tunda an kashe kuɗi mai yawa a tikitin jirgin sama, kuma watakila ba za a sake zuwa ba, hankali shi ne a ga iyakar abin da za a iya gani. Wannan magana tana da ƙarfi a ƙasar da kowane gari ke da nasa gine-gine da tarihi. A Maldibi kuwa tsibiran suna kama da juna ƙwarai a ido: farin rairayi, itatuwan kwakwa, tudu shimfiɗaɗɗe marar tsauni, kuma yawancinsu mutum zai zagaye su da ƙafa cikin ƙasa da sa'a guda. Bambancin yana ƙarƙashin ruwa da kuma cikin rayuwar mutane, su kuwa waɗannan biyun suna bukatar zama. Sai mutum ya kwana biyu a wuri zai gane lokacin da ruwa ke janyewa, ya san gefen da kunkurun teku ke fitowa, ya ga masunta suna sauke kifi, ya yi sallar Juma'a tare da mutanen gari. Sannan tsayawa a masauki ɗaya bai hana yawo ba. Masu masaukai suna shirya fitar yini, inda ƙaramin jirgi zai kai baƙi wani tudun rairayi a tsakiyar ruwa ko tsibirin da babu kowa, ya dawo da su kafin magariba, kayansu na ɗaki ba wanda ya taɓa. Ta wannan hanya ana iya taka tsibiri huɗu ko biyar ba tare da an sauya gado fiye da sau ɗaya ba.

Wani kuma zai ce ai akwai jiragen ruwa masu gudu, har da jiragen sama masu sauka a kan ruwa, saboda haka matsalar lokaci ta kau. Gaskiya ne suna rage tafiya. Daga Male zuwa Maafushi fito yana ɗaukar kimanin sa'a ɗaya da rabi a kan kuɗin da bai wuce dala 2 ko 3 ba, mai gudu kuma yana isa cikin minti 45 ko ƙasa da haka a kan wajen dala 25 kowane mutum. Amma shi ma mai gudun yana da lokutan tashinsa, yawanci shi ma ta Male yake bi, wanda kuma ya ɗauki shatarsa shi kaɗai zai biya ninkin-ba-ninki. Jirgin sama mai sauka a ruwa da rana kawai yake tashi, kuɗinsa ɗaruruwan daloli ne, kuma otal-otal yake yi wa hidima. Kuɗi na rage tsawon tafiya, amma ba ya kwantar da teku ranar da iska ta taso.

Nan ne batun yanayi ya shigo. Daga Disamba zuwa Afrilu iska tana busowa daga arewa maso gabas, sama tana washewa, ruwa yana kwanciya, farashi kuma yana hawa. Daga Mayu zuwa Nuwamba iskar kudu maso yamma ke kawo ruwan sama da igiya, masauki ya yi araha, amma wani lokaci a soke tashin jirgi. Mai hutun wata guda ba zai ji asarar yini ɗaya ba. Mai kwana huɗu da ya jera sauyi uku, jirgi ɗaya in aka soke, duk abin da ke bayansa ya rushe, har da tikitin komawa gida. Damina tana da nata alherin. A lokacinta ne manyan kifayen nan masu faɗi da ake kira manta suke taruwa a mashigin Hanifaru da ke zoben Baa, yankin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2011. Wanda wannan ne burinsa, sai ya nufi Baa kaɗai ya zauna.

Akwai kuma mai cewa tsibirin otal ya fi sauƙi, tunda su za su ɗauko baƙo daga filin jirgi su mayar da shi. Haka ne, kuma ga mai hali da ke neman shiru kawai, zaɓi ne mai kyau. Sai dai ya sani tsada ta ninka, duk abin da zai ci ko ya sha a wajen otal ɗin zai saya, ana sayar da giya a can, kuma zai iya dawowa gida bai shiga garin 'yan ƙasa ko ɗaya ba.

MISALI NA BIYU: KUƊIN ƊAKI

Farashin da ake tallatawa sau da yawa ba shi ne abin da za a biya ba. Ana ƙara ladan hidima kashi 10 cikin 100. Ana ƙara harajin kaya da hidima na baƙi, wanda ya koma kashi 17 cikin 100 daga Yulin 2025. Akwai kuma harajin muhalli, wanda tun Janairun 2025 ya zama dala 6 ga kowane mutum kowane dare a ƙaramin masauki, dala 12 a tsibirin otal.

A ce ɗakin ma'auratan dala 80 ne a dare.
Da ladan hidima: 80 + 8 = 88.
Haraji kashi 17 na 88 = 14.96. Jimilla 102.96.
Harajin muhalli na mutum biyu: 6 × 2 = 12. Jimilla 114.96.
Dare huɗu: 114.96 × 4 = 459.84.

Wanda ya yi lissafi da 80 × 4 = 320 zai tarar da giɓin kusan dala 140. Saboda haka ku tambayi mai masauki a rubuce ko farashinsa ya haɗa da haraji duka.

AKWATIN KALMOMI
Jadawali: tsarin ranaku da lokutan tashin jirgi.
Shata: ɗaukar hayar jirgi gaba ɗaya don amfanin mutum shi kaɗai.
Harajin muhalli: kuɗin da baƙo ke biya kowane dare don ayyukan kare muhalli.

5. HAƘƘIN MAI MASAUKI DA HAƘƘIN RAI

Taƙaita yawo yana da wata fa'ida da ta wuce aljihun matafiyi. Tudun Maldibi a matsakaici bai fi mita ɗaya da rabi a saman teku ba, ita ce ƙasa mafi kwari a duniya. Igiyar tsunami ta 26 ga Disamba 2004 ta malale tsibirai da yawa, zafin ruwan teku kuma ya kashe murjani mai ɗimbin yawa a 1998 da 2016. Don jawo hankalin duniya ga hauhawar teku ne shugaban ƙasar na lokacin, Mohamed Nasheed, ya yi taron majalisar ministocinsa a ƙarƙashin ruwa a 2009. Ruwan sha daga ruwan sama yake zuwa ko daga injin tace gishiri, kuma da gobara ta lalata injin Male a Disambar 2014 sai da ƙasashe irin su Indiya suka kawo ruwa ta jirgi. Shara kuwa tun 1992 ake jibge ta a tsibirin Thilafushi. A 2024 baƙin da suka shiga ƙasar sun haura miliyan 2, alhali mazaunanta rabin miliyan ne da 'yan kai. Ƙaurace wa ƙasar ba zai taimake ta ba, domin harkar baƙi ce ginshiƙin arzikinta. Abin da ke hannun baƙo shi ne ya rage ƙona mai a zirga-zirgar da ba ta da amfani, ya kashe kuɗinsa wajen 'yan gari, ya tattala ruwa, kada ya taka murjani ko ya karye shi ya sa a jaka, domin doka ta hana fita da shi.

Sai batun rai, wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. Da yawa daga cikinmu ba mu iya ninƙaya ba. Ruwan da ke kwance a gaban masauki yana iya zama mai ja da ƙarfi a mashigin da ke tsakanin tsibirai, musamman lokacin da teku ke cika ko janyewa. Ku sa rigar kariya duk lokacin da kuka hau ƙaramin jirgi ko kuka shiga ruwa mai zurfi, ku tambayi 'yan gari inda ake shiga da inda ba a shiga. Manyan asibitoci suna yankin Male, wanda hakan ma dalili ne ga mai ciwo ko mai ƙananan yara ya zaɓi zoben da ke kusa. Ana ba baƙo izinin zama na kwana 30 kyauta a filin jirgi, amma sai ya nuna fasfo mai aiki, tikitin komawa da shaidar masauki, ya kuma cike takardar matafiya ta intanet kafin ya sauka. Mai zuwa daga Najeriya ko Nijar ya riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara. Daren ƙarshe kuma a yi shi a Male ko tsibirin Hulhumale, kusa da filin jirgi. Wanda ya sami sarari a ranar, ya ziyarci tsohon masallacin Juma'a na Male, wanda aka gina da sassaƙaƙƙen dutsen murjani a shekarun 1650.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne zoben tsibirai? Me ya sa tafiya a cikin zobe ɗaya ta fi sauƙi a kan tafiya tsakanin zobe biyu?
2. Wace alaƙa ce ta tarihi ta haɗa Maldibi da kasuwannin ƙasar Hausa?
3. Wane sauyi aka yi a 2009, kuma wa ya amfana da shi?
4. Kawo bambanci uku tsakanin tsibirin jama'a da tsibirin otal.
5. Matafiyi yana da yini 3 cikakku. Zai yi sauyi biyu, kowanne sa'a 6. Sa'o'in rana nawa suka rage masa?
6. Ɗaki dala 60 ne a dare a ƙaramin masauki. Lissafa abin da mutum biyu za su biya na dare 3 bayan ladan hidima da haraji biyu.
7. Me ya sa soke jirgi ɗaya ya fi cutar da mai gajeren hutu?
8. Aikin rukuni: ku kasu gida biyu. Rukuni ɗaya ya kare ra'ayin tsayawa a tsibiri biyu, ɗayan ya kare ra'ayin zagaya tsibiri huɗu. Kowane rukuni ya rubuta tsarin kwana 7 da lissafin sa'o'insa, ku kawo wa malami a zama na gaba.